Jegon Zuciya: Aikin da Ke Jiran Iyali Bayan an Sallamo Majinyaci

Duk wanda ya san garin Ambursa, a kan hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta nufi Argungu, ya san yadda bakin filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello ke cika da jama'a idan ana tsammanin saukar wani nasu. Galibi alhazai ake tarya. Amma wani jikon wanda ake jira majinyaci ne, wanda aka sayar da gona ko shanu, dangi suka yi karo-karo, aka kai shi Abuja ko Legas ko Indiya ko Masar domin a yi masa aikin fiɗa a zuciya. Zai sauko a hankali yana dafe da kafaɗar ɗansa, rigarsa ta rufe ɗinki mai tsawon kamar taƙi guda a tsakiyar ƙirji. Daga nan sai barka da arziki, sai addu'o'i, sai a ɗunguma zuwa gida. A ganin mafi yawan masu taryar, magana ta ƙare.

Alhali kuwa da sauran aiki ja. Likitan fiɗa kan kammala nasa cikin 'yan sa'o'i, ma'aikatan jinya su yi nasu cikin mako guda ko biyu. Abin da ya rage, wato kimanin makonni 12 na warkewa, a ɗakin majinyaci da tsakar gidansa ake yin sa, kuma a hannun mutanen da ba su taɓa shiga ajin koyon likitanci ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ya kamata a ɗauki waɗannan makonni a matsayin kashi na biyu na aikin fiɗar, a tsara su kamar yadda Bahaushe ya tsara wa mai haihuwa kwanaki arba'in na jego, amma a ɗora tsarin a kan ilimi. Kuma a gidaje da yawa, wanda ya fi dacewa ya riƙe ragamar wannan tsari shi ne ɗalibin sakandaren da ke cikin gidan.

Me aka yi wa ƙirjin?

Ba za a gane dalilin dokokin jinya ba sai an san abin da ya faru a ɗakin fiɗa. Zuciya tsoka ce mai girman dunƙulen hannun mai ita, tana bugawa kimanin sau 100,000 a kowace rana, tana kuma tura wajen lita 5 ta jini a cikin minti guda. Tana zaune ne a bayan wani faffaɗan ƙashi da haƙarƙarin dama da na hagu suka haɗu a jikinsa, wato ƙashin ƙirji. Domin a kai gare ta, likita kan tsaga wannan ƙashi daga sama zuwa ƙasa da wani ɗan zarto na musamman, ya buɗe shi kamar ƙofa mai ƙyaure biyu. A yawancin irin wannan aiki akan tsayar da bugun zuciyar ɗungurungum, a miƙa aikinta da na huhu ga wata na'ura da ke karɓar jini, ta sa masa iskar oksijin, ta mayar da shi jiki. Likita John Gibbon ne ya fara amfani da wannan na'ura cikin nasara a birnin Filadelfiya na Amurka a shekarar 1953. A Nijeriya kuwa, an fara irin wannan aiki ne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Enugu a shekarar 1974, inda Farfesa Fabian Udekwu da abokan aikinsa suka yi shi tare da Magdi Yacoub, fitaccen likitan nan haifaffen Masar.

Gyare-gyaren da aka fi yi iri uku ne. Akwai toshe ramin da aka haifi yaro da shi a bangon zuciya. Akwai yi wa jini sabuwar hanya idan jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya sun toshe, inda akan ciro wata jijiya daga ƙafa ko daga cikin ƙirji a dasa. Akwai kuma gyara ko sauya ɗaya daga cikin ƙyamare huɗu da ke hana jini komawa baya, waɗanda likitoci ke kira bawul. Idan an gama, sai a haɗa ɓangarori biyu na ƙashin, a ɗaure su da wayoyin ƙarfe marasa tsatsa, waɗanda za su zauna a jiki har iyakar rayuwa.

A nan ne gizo ke saƙa. Fatar sama kan haɗe cikin makonni biyu ko uku, mai kallo ya zaci an warke. Ƙashin da ke ƙarƙashinta kuwa karaya ce sosai, kuma yana bukatar makonni 6 zuwa 8 kafin ya kama, da kusan makonni 12 kafin ya yi ƙwari. Karayar hannu ana iya ɗaure ta da karan ɗori a hana ta motsi. Ƙashin ƙirji ba ya ɗauruwa, domin yana motsi da kowane numfashi. Saboda haka kiyayewar majinyaci da ta iyalinsa ita ce karan ɗorinsa.

Nauyin da ƙirji ba zai ɗauka ba

Likitoci kan gargaɗi majinyaci da kada ya ɗaga, ko ya tura, ko ya ja abin da ya haura kimanin kilo 5 a cikin makonni 6 zuwa 8 na farko. Wannan lissafi ba ya da ma'ana ga mutumin karkara sai an fassara shi da kayan gidansa. Lita guda ta ruwa nauyinta kilo guda ne. Ke nan jarkar da ke cin lita 25 ta ninka abin da aka yarje sau biyar. Babban bokiti cike da ruwa ya wuce iyaka, haka goyon yaro, haka jan guga daga rijiya, haka daka da surfe, balle a zo ga buhun shinkafa.

Mutanen Ambursa da maƙwabtansu na fadamar Rima manoman shinkafa ne da masunta, kuma a cikin sana'o'in nan akwai motsin da suka fi haɗari ga sabon ɗinki. Fizgar igiyar injin ban-ruwa na ja da hannu ɗaya da ƙarfi, yana murɗa ɓangare guda na ƙashin ya bar ɗayan. Haka tuƙa kwalekwale da gora, da jefa birgi, da saran fartanya. Babur ma, ko majinyaci ne ke tuƙi ko goya shi aka yi a kabu-kabu, kowane rami da taya ta faɗa yana isa har ƙirji. Tuƙin mota kan jira makonni 4 zuwa 6, sai kuma likita ya amince. Idan wayoyin suka saki, ƙashin kan riƙa gogar juna, majinyaci ya ji wani ƙas-ƙas idan ya juya ko ya yi tari. Wannan alama ce ta a koma asibiti, domin ƙashin da ke motsi ba ya haɗewa, kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta.

Har ƙananan al'amuran yau da kullum suna bukatar dabara. Wanda ya saba zama a tabarma yakan dogara da tafin hannu idan zai miƙe, nauyin jikinsa duka ya bi ta ƙirji. Gara a tanadar masa kujera da gado masu ɗan tsayi, ya riƙa tashi da ƙarfin ƙafafu. A makonnin farko an fi so ya kwanta rigingine, an ɗan ɗaga kansa da matasai. Idan tari ko atishawa ta zo, ya rungume matashi a ƙirji. Game da salla kuwa, malamai sun daɗe da bayyana sauƙin da shari'a ta yi wa marar lafiya na yin ta a zaune, kuma babu dalilin da zai sa mutum ya takura wa ɗinkinsa a kan abin da aka sauƙaƙa masa. Batun azumi ma a tuntuɓi likita tukuna, musamman ga mai shan magunguna a kan lokaci.

Kwanciya ba ita ce hutu ba

Jin waɗannan dokoki na iya sa iyali su faɗa ɗaya kuskuren, wato su shimfiɗe majinyaci su hana shi ko da ɗaga kofi. Wannan ma illa ce, kuma likitocin duniya sun daɗe a cikinta kafin su farga. A farkon ƙarni na 20, wanda ya sami bugun zuciya akan kwantar da shi har makonni shida ba motsi. Sai a shekarar 1952 wasu likitoci biyu a birnin Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka nuna cewa majinyatan da aka zaunar a kujera tun kwanakin farko sun fi samun sauƙi. A shekarar 1966 kuma, masu bincike a birnin Dallas suka kwantar da samari biyar lafiyayyu 'yan shekara 20 har makonni uku. Da aka auna su, iyakar oksijin da jikinsu ke iya amfani da shi lokacin aiki mai ƙarfi ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna mutanen, sai aka ga kwanciyar makonni ukun nan ta fi tsufan shekara talatin raunana su.

Dalilan a fili suke. Jinin ƙafa yana komawa zuciya ne da taimakon matsawar tsokar ƙwauri. Idan ƙafa ba ta motsi, jini kan kwanta ya yi guda, gudan kuma na iya tsinkewa ya toshe jijiyar huhu. Shi ma huhun, idan ba a cika shi da dogon numfashi, ƙasansa kan lotsa, majina ta taru, ciwon huhu ya samu wurin zama.

Maganin wannan shi ne tafiya, kaɗan-kaɗan, kullum. A fara da minti 5 a tsakar gida, sau uku ko huɗu a rana, a riƙa ƙara minti guda ko biyu bayan kwana bibbiyu, har a kai rabin sa'a a wajen mako na shida. Ma'aunin yana da sauƙi: idan majinyaci na iya tafiya yana magana da abokin tafiyarsa ba tare da haki ba, bai wuce gona da iri ba. Idan ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya gagara, ya tsaya. A bazarar ƙasar Kabi, inda zafi kan haura digiri 40, sai a zaɓi sanyin safiya da na yamma. A lokacin hunturu kuma a rufe hanci saboda ƙura. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Zumunci da iyakarsa

Dubiya ginshiƙi ce a rayuwar Hausawa, kuma tana da amfani na zahiri. Mutane da yawa kan shiga damuwa da ƙuncin rai bayan fiɗar zuciya, barci ya ƙaurace, abinci ya fita daga rai, magidanci ya ga kamar ya zama kaya a gidansa. Ganin fuskokin 'yan'uwa da jin "Sannu, Allah Ya ƙara sauƙi" na rage wannan nauyi. Ta wannan fuska majinyacin Ambursa ya fi takwaransa na manyan biranen Turai gata, wanda kan koma gidan da ba kowa.

Sai dai idan ɗaki ya cika maƙil tun daga hantsi har bayan isha'i, kowa na miƙa hannu, wani na tari, wani na neman a buɗe riga ya ga ɗinkin, to alherin ya fara zama wahala. Majinyaci na bukatar barcin rana, kuma mura da ba ta dami lafiyayye ba tana iya jefa mai tsagaggen ƙirji cikin azabar tari. Abin da ya dace shi ne wani dattijo a gidan ya ɗauki nauyin tsara dubiya: a ware lokaci, misali bayan la'asar, a taƙaita zama, mai mura ya yi gaisuwa daga zaure. Idan babba ne ya faɗa, ba wanda zai ɗauka wulaƙanci ne.

Babbar matsalar dubiya ita ce shawara. Kowane mai zuwa da maganin da ya sani: wannan jiƙo, wancan saiwa, wani ya ce a shafa man shanu a ɗinkin, wata ta ce a gasa wurin da ruwan zafi. Duk da kyakkyawar niyya ake yi, amma garin gyaran gira akan rasa ido. Abin da ɗinki ke so shi ne tsabta da bushewa: ruwa mai ɗumi, sabulu marar ƙarfi, a tsane da tsabtataccen ƙyalle ba tare da gogawa ba. Ba a shafa masa komai sai abin da likita ya bayar, ba a kuma shiga gulbi ko tafki sai ya warke sarai.

Tukunyar majinyaci

Jiki na bukatar abinci mai gina jiki domin ya haɗa ƙashi da tsoka, kuma ƙasar Kabi ba ta rasa shi ba: kifi, wake, ƙwai, nono, naman da ba kitse. 'Ya'yan itatuwa da ganyaye na hana taurin bayan gida, wanda yunƙurinsa ke takura wa ƙirji. Abokin gaba a tukunya shi ne gishiri. Sinadarin sodiyam da ke cikinsa yana riƙe ruwa a jiki, ruwan ya ƙara yawan jinin da zuciya za ta tura, alhali tana cikin rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Dunƙulen ɗanɗano na miya yana ɗauke da gishiri mai yawa, haka kifin da aka busar da gishiri.

Ita ma kanwa sodiyam ce. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry a Zariya sun yi nazarin matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta yawan abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Karaye, ya nuna akwai wasu dalilan, ciki har da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Duk da haka darasin bai gushe ba. Tsarin jego, wato ware lokaci, da sauke wa mutum aiki, da tsayuwar dangi a kansa, abin koyi ne. Amma kunun kanwa da tafasasshen ruwa ba su da gurbi a jinyar mai ciwon zuciya.

Maganin da ke tsakanin kaifi biyu

A wannan yanki, da yawa daga cikin waɗanda ake yi wa fiɗar zuciya matasa ne da ƙyauren zuciyarsu ya lalace sakamakon ciwon maƙogwaro na yarinta. Wata ƙwayar cuta mai suna sitireptokokas kan kama maƙogwaron yara, musamman 'yan shekara 5 zuwa 15. Idan ba a yi maganinta ba, garkuwar jikin wasu yaran kan ruɗe ta afka wa ƙyamaren zuciya. Ƙididdigar shekarar 2019 ta nuna kimanin mutum miliyan 40 ke fama da wannan ciwo a duniya, yana kuma kashe wajen 300,000 a shekara, galibinsu a ƙasashe matalauta.

Wanda aka sa wa ƙyauren roba da ƙarfe, wanda akan ji ƙararsa kamar ta agogo idan dare ya yi tsit, zai sha maganin tsinka jini mai suna wafarin har ƙarshen rayuwarsa, domin jini na son daskarewa a jikin baƙon abu. Asalin maganin abin mamaki ne: an gano shi ne daga binciken shanun da ke mutuwa da zubar jini a Amurka bayan sun ci ruɓaɓɓiyar harawa. An fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera a 1948, aka amince da shi ga ɗan Adam a 1954. Wannan tarihi ya isa ya nuna cewa magani ne mai bukatar awo. Idan ya yi kaɗan, jini ya daskare a ƙyauren, ko gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Idan ya yi yawa, jini ya ɓalle.

Ana gane daidaitonsa da gwajin jini da ake kira INR. A jikin lafiyayye awon kan tsaya wajen 1. Ga mai ƙyauren ƙarfe, likita kan nemi ya zauna tsakanin 2 da 3, ko tsakanin 2.5 da 3.5, gwargwadon ƙyauren da aka sauya. A makonnin farko akan yi gwajin a kai a kai, daga baya ya koma kamar wata-wata. Abubuwa da dama na karkatar da awon. Wafarin na aiki ne ta hanyar dakushe bitamin K, wanda ke da yawa a korayen ganyaye irin su zogale da alayyahu. Ba a ce majinyaci ya daina cin ganye ba. Abin da ake so shi ne ya riƙa cin kusan adadi ɗaya, kada ya yi wata bai taɓa ba sannan ya wayi gari yana cin kwaɗon zogale safe da yamma. Magungunan kemis ma haka: Flagyl da Septrin na ƙara wa wafarin ƙarfi, maganin tarin fuka mai suna rifamfisin na rage shi, magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen kuma na ƙara haɗarin zubar jini. Jiƙe-jiƙen gargajiya ba a san adadin abin da ke cikinsu ba, don haka ba a san inda za su karkata awon ba.

Akwai kuma abin da takardun asibitocin waje ba za su ambata ba, domin ba su san da shi ba. Mai shan wafarin ba ya zuwa wurin wanzami a yi masa ƙaho, ko tsaga, ko cire beli, ko cire haƙori. Yankan da ba komai ba ne ga wani, ga shi yana iya zama jinin da ba ya tsayawa. Mace mai shan maganin kuma ta sanar da likita tun kafin ta ɗauki ciki, domin yana iya cutar da ɗan tayi, kuma akwai hanyoyin da ake bi a kare uwa da ɗa. Matasan da ciwon maƙogwaro ya jawo wa matsalar galibi za su ci gaba da karɓar allurar fenisilin bayan kowane mako 3 ko 4, don kada ciwon ya dawo.

Littafin jinya da ɗalibin gida

A ɗauki misalin manomi da aka sallamo da takardu cike da Turanci da jakar magunguna iri shida. Shi bai yi boko ba, uwargida ma haka. Amma akwai 'yarsu da ke aji biyar a sakandare, wadda ta san ma'aunin zafi, ta san kilo, ta iya zana jadawali. Littafin rubutu guda ya ishe ta. Kowace safiya ta rubuta kwanan wata, da zafin jiki, da bugun jijiyar wuyan hannu a minti guda, da nauyin jiki idan akwai sikeli, da tsawon tafiyar da aka yi, da yanayin ɗinki, ta kuma yi alama a gaban kowane maganin da aka sha. Idan ta ce, "Baba, lokacin magani ya yi," ta yi aikin da babu ƙwararren likitan da zai iya yi daga nesa.

A shafin farko na littafin ta rubuta lambar wayar asibiti da alamomin da ba a kwana da su a gida: zafin jiki da ya kai digiri 38, ɗinki ya yi ja, ko ya kumbura, ko yana fitar da ruwa ko mugunya, numfashi na ƙara wuya, musamman a kwance, kumburin ƙafafu ko ƙaruwar nauyi da kimanin kilo 2 cikin 'yan kwanaki, bugun zuciya da sauri ko a hargitse, suma, jini daga hanci ko dasashi da ya ƙi tsayawa, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu. Zazzaɓi na bukatar jan kunne na musamman. A bakin fadama, inda sauro ya yi yawa, kowane zafin jiki akan ce maleriya ce, a sayi magani a sha. Ga mai sabon ƙyaure, zazzaɓi na iya zama alamar ƙwayoyin cuta sun sauka a kan ƙyauren. Sai a gwada jini a asibiti, a kuma gaya wa likita aikin da aka yi. Gidan sauro kuwa wajibi ne.

Wani zai ce wannan nauyi ya fi ƙarfin yaro, kuma aikin ma'aikatan lafiya ne. Gaskiya ne ɗalibi ba likita ba ne, ba kuma zai ƙara ko ya rage magani da ra'ayinsa ba. Aikinsa lura da rubutawa da sanarwa, waɗanda su ne tushen kimiyyar da ake koya masa a aji. Wani kuma zai ce masu irin wannan fiɗa ba su da yawa a ƙauye, don me za a ɓata lokacin makaranta a kansu? Amsa ita ce, littafin nan shi ne dai wanda mai hawan jini da mai ciwon suga da mai jego ke bukata. Malamin da ya koya wa ɗalibansa ƙirga bugun jijiya da karanta ma'aunin zafi ya ba kowane gida ma'aikacin sa-kai. Idan ya ƙara da cewa ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi a jikin yaro na bukatar asibiti, wataƙila ya raba wani da wuƙar fiɗa tun daga tushe.

Haƙƙin da ke kan hukuma

Ba daidai ba ne a jibga wa iyali komai. Majinyacin da aka yi wa aiki a nesa yana bukatar likita na kusa da ya san labarinsa. Tun kafin a baro asibitin da aka yi aikin, iyali su karɓi cikakken rahoto: irin aikin, irin ƙyauren, awon INR da ake nema, da ranar komawa. Da isowa gida su kai rahoton Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, a buɗe fayil tun ana lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Su kuma hukumomi da masu hannu da shuni da ke ɗaukar nauyin fiɗa, ya kamata lissafinsu ya wuce kuɗin jirgi da na asibiti. Akwai ƙananan na'urorin gwajin INR masu aiki da ɗigon jini daga yatsa, kamar na awon suga. Samar da su a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, da tabbatar da wafarin da fenisilin masu inganci ba sa yankewa, da sanya su cikin inshorar lafiya da dokar 2022 ta wajabta, duka ya kamata su shiga cikin wannan lissafi. Wanda ya biya miliyoyi aka sa ƙyaure, sannan aka rasa kuɗin gwajin wata-wata, ya yi shuka ne ya hana ta ban-ruwa.

Idan aka kiyaye, sakamakon na da daɗi. Mafi yawan waɗanda suka bi ƙa'ida kan koma harkokinsu bayan kimanin wata uku, da yawa ma da ƙarfin da suka shekara ba su ji irinsa ba. Manomin da ya haƙura da noman rani guda, ya bar wa ƙannensa igiyar injin, yana iya komawa fadamarsa da kakar da ke tafe. Taron da aka yi a filin jirgi na murnar dawowa ne. Barka ta gaskiya sai ranar da likita ya duba littafin jinya, ya danna ƙashin ƙirji ya ji shi daram, ya ce a koma gona.